Yadda Ake Ɗaura 'Yar Jaka a Bayan Gilashin Babur na Doguwar Tafiya

Jakar gilashi 'yar ƙaramar jaka ce da ke zama a gindin gilashin gaba, ta ɓangaren da ke kallon mai tuƙi, a saman mitoci. Amfaninta shi ne ƙananan kayan da ake nema a kai a kai cikin tafiya, kamar tabarau, abin toshe kunne, tikitin hanya da tsumman goge hular kwano, su kasance a gabanka ba sai ka sauka ka buɗe akwatin gefe ba. Ɗaura ta ba ya cin fiye da rabin awa. Sai dai sukurorin da za ta rataya a kansu ba dominta aka yi su ba. An yi su ne don su riƙe roba da ɗan ƙarfi kaɗan wanda aka auna, kuma kusan duk ɓarnar da ake yi a wannan aiki, daga tsagewar gilashi zuwa fizgewar mazaunin sukuru, tana faruwa ne saboda an matsa fiye da kima, ko an sa sukurun da tsawonsa bai dace ba, ko an loda wa jakar abin da ya fi ƙarfinta.

Fara da sanin yadda gilashinka yake zaune

Kafin ka sayi komai, tsaya a gaban babur ka juya kansa hagu da dama. Idan gilashin yana juyawa tare da kan babur, to a kan shokan gaba yake zaune. Idan ya tsaya cik kan babur yana juyawa a bayansa, to a jikin firam aka kafa shi. Wannan bambanci shi ne zai nuna maka irin matsalar da za ka yi tsaro: na farko nauyi ne abin tsoronsa, domin duk abin da ka ƙara yana hawa kan sitiyari, na biyu kuwa karo ne, domin hannun kulochi, tukunyar man burki ko madubi na iya dukan jakar idan ka karya kai har ƙarshe.

Da yawa daga cikin jakunkunan da ke kasuwa an ɗinka su ne don faffaɗan murfin gaba na Harley-Davidson wanda ake kira Batwing, irin na Electra Glide da Street Glide da Ultra Limited. Wannan shi ne iri na farko: gilashin yana shiga tsakanin murfin waje da murfin ciki, sukuru uku a jere suna riƙe da shi. A ƙirar shekarar 2014 kamfanin ya sake fasalin wannan murfi, ya sa ƙofar iska a ƙasan gilashi, don haka jakar da aka yi wa ƙirar 1996 zuwa 2013 ba ta hawa ta 2014 zuwa sama daidai, haka ma akasin haka. Kada ka yarda da kalmar "tana shiga kowane babur" a jikin kwali. Nemi shekarar da sunan ƙirar a rubuce.

Iri na biyu shi ne gilashi tsirara mai ƙarafan riƙo a gicciye, irin na Road King da manyan baburan Japan masu kama da shi. Iri na uku shi ne wanda ke jikin firam, kamar Road Glide, inda galibi notin roba ne ke riƙe da gilashin. Akwai kuma gilashi mai hawa da sauka da lantarki, kamar na Honda Gold Wing daga 2018, Yamaha FJR1300, BMW RT da Indian Chieftain. Wannan a ƙyale shi kawai. 'Yar na'urar lantarkin da ke ɗaga shi da sandunan da yake zamewa a kansu an auna su ne da nauyin gilashin shi kaɗai, kuma idan ya sauka ƙasa jakar za ta maƙale tsakaninsa da murfi. Mai irin wannan babur ya nemi jakar kan tanki ko ta tsakiyar sitiyari.

Awo kafin saye

Yanki kwali daidai da faɗi da tsayin jakar da kake so, ka manna shi a bayan gilashi da tef na takarda. Hau babur, ka ɗaga shi daga jingina, ka zauna yadda kake zama a doguwar tafiya, ba a miƙe sambal ba, domin bayan awa biyu a hanya kowa yana ɗan durƙushewa, idonsa ya sauko. Daga nan duba abu uku. Shin kwalin ya rufe wata mita ko fitilar gargaɗi, musamman ta mai da ta burki? Shin ya tsaya ƙasa da bakin gilashi na sama? Shin ya ci maka wani yanki na titin da ke kusa da tayar gaba?

Na ƙarshen nan shi ake yawan mantawa. Ajiye robar ruwa a ƙasa kamar mita huɗu a gaban taya, ka dube ta da kwalin da kuma babu shi. Idan ta ɓace bayan kwali, to ramin titi da dutse ma za su ɓace a daidai lokacin da kake tafiya a hankali kana neman inda za ka bi. Sai ka nemi jaka mai gajarta, ko mai aljihu ɗaya a tsakiya maimakon uku.

Gajeren gilashi mai inci 4 ko 5 ba ya ɗaukar doguwar jaka. Duk abin da ya leƙo sama da bakin gilashi iska za ta kama shi, ta riƙa ɗaga murfin jakar, ruwan sama kuma ya zuba ciki kai tsaye. Bar aƙalla santimita 3 tsakanin saman jaka da bakin gilashi. Idan kuma babur ɗin yana da ƙofar iska a gindin gilashi, ka tabbata jakar ba ta toshe hanyar da iskar ke fitowa ta bayansa ba. Wannan iska ce ke cike gurbin da ke bayan gilashi, ta rage kaɗawar da ke girgiza hular kwano. Idan ka toshe ta za ka ji kanka yana rawa a babban titi, ka yi ta zargin gilashi alhali jakar ce.

Kayan aiki

Sukurorin gilashin Batwing masu bakin tauraro ne, Torx lamba T27. Lamba T25 tana shiga, kuma nan ne haɗarin: tana shiga da sako-sako, ta cinye bakin sukurun a juyi biyu. Sa bakin ka girgiza shi; idan yana wasa, ba shi ba ne. Baburan Japan da na Turai sun fi amfani da alanki na milimita 3, 4 ko 5. Bayan wannan kana bukatar ƙaramar sifana mai auna ƙarfin ɗauri wadda ke karanta daga Nm 1 ko 2 zuwa sama (Nm, wato niyutan-mita, awon ƙarfin ɗauri ne), babban tawul mai laushi, tef na takarda, tsumma mai laushi guda biyu, ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwanuka, da ɗan faranti da za ka jera sukurori a ciki. Idan bayan jakar ba shi da shimfiɗa mai laushi, tanadi ledar kariya mai haske irin wadda ake manna wa fentin mota.

Abu ɗaya da ba ya cikin kayan wannan aiki shi ne ruwan gam na kulle noti, shuɗi ko ja. Gilashin babur roba ce, ko dai polikabonet ko akirilik, murfin kuma galibi robar ABS ce. Wannan gam yana cin irin waɗannan robobi: ɗigo ɗaya a gefen rami ya isa ya haifar da 'yan tsage-tsage sirara kamar saƙar gizo-gizo, waɗanda ba sa fitowa nan take sai bayan kwanaki. Haka ma fetur, man burki, tina da ruwan goge tagar gida mai amoniya. Kada ɗayansu ya kusanci wurin.

Aikin a kan murfi mai sukuru uku

Ajiye babur a inuwa, a daidaitaccen wuri, ka sa shi a giya don kada ya gangara. Shimfiɗa tawul a kan madigadin gaba da kan tanki. Sukurun da ya kuɓuce daga hannu a nan yake faɗawa ya fasa fenti. Manna tef na takarda a kewayen kawunan sukurori uku, saboda idan bakin sifana ya zame, tef ɗin ya sha.

Wanke gilashin tukuna, ciki da waje, tun yana kan babur. Jiƙa shi sosai, ka bar ƙura da busassun ƙwari su yi laushi, sannan ka share da tsumma daga sama zuwa ƙasa ba tare da dannawa ba. Da zarar jaka ta hau, gindin gilashin ta ciki ba zai sake samun hannu ba sai ka kwance, kuma duk ƙwayar yashin da ka rufe a wurin za ta yi ta gogar robar da kowace girgizar inji.

Sassauta sukurori biyu na gefe, ka cire su, ka bar na tsakiya a ƙarshe. Riƙe gilashin da hannu ɗaya yayin da kake kwance na tsakiyar. Jera su a faranti yadda suka fito, hagu, tsakiya, dama, kowanne da washarsa. A kan baburan da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma idan dogon ya shiga ramin gajeren zai tokare a ƙasa kafin ya matse komai, ko ya tura mazauninsa baya. Wasu gilasan tsaga ce buɗaɗɗiya a gindinsu, ana zare su sama da zarar an sassauta. Wasu kuma rami ne sosai a tsakiya, dole sukurun ya fita gaba ɗaya. Ja gilashin sama a hankali, ka kwantar da shi a kan tawul, ba a kan siminti ba.

Yanzu leƙa cikin ramukan. Za ka ga 'yan mazaunai na tagulla masu haƙora a ciki, an dasa su cikin robar murfin ciki. Waɗannan su ne wuri mafi rauni a duk aikin. Haska tocila ka duba robar da ke kewaye da kowanne. Idan ka ga tsaga, ko mazaunin ya ɗan leƙo waje, ko yana juyawa idan ka taɓa shi da sukuru, tsaya nan ka gyara shi kafin ka ɗora masa ƙarin kaya. Ana sayar da mazaunin gyara mai ɗan kauri fiye da na asali.

Idan za ka sa ledar kariya, yanzu ne lokacinta. Yanka ta ta fi bayan jakar faɗi da santimita ɗaya a kowane gefe, fesa ruwan sabulu kaɗan a cikin gilashin, shimfiɗa ta, ka matse ruwan daga tsakiya zuwa baki da kati da aka naɗe cikin tsumma.

Jakar tana da harshe ko ƙarfen riƙo a ƙasanta mai ramuka daidai da na sukurori. Wurinsa tsakanin gilashi da murfin ciki ne, wato jerin daga gaba zuwa baya shi ne: kan sukuru, washa, murfin waje, gilashi, harshen jaka, sannan murfin ciki da mazauninsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka haɗa jaka da gilashi a hannu, ramukansu su hau kan juna, ka kama su da guntun tef biyu, sannan ka zura su tare cikin ratar. Idan ratar ta matse, ɗan ja bakin murfin waje gaba da yatsa. Idan ta ƙi, sassauta sukurorin da ke haɗa murfin waje da na ciki juyi ɗaya ko biyu, maimakon ka cusa sukurudireba ka ɓanɓare. Hannu na biyu yana da amfani ƙwarai a wannan mataki, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗaura.

Kafin ka mayar da sukurori, yi lissafin kauri. Harshen jaka ya ƙara milimita 1 zuwa 3 a cikin jerin, kuma idan akwai adon ƙarfe a gindin gilashi shi ma ya ƙara nasa. Duk abin da aka ƙara an rage shi ne daga haƙoran da ke kama mazauni. Sa sukurun ka ƙirga juyin da yake yi daga inda ya kama zuwa inda ya tsaya. Idan bai kai cikakken juyi huɗu ko biyar ba, ya yi gajarta, sai ka nemi wanda ya fi shi da daidai kaurin da ka ƙara, ba fiye ba. Ka kula da irin haƙoran: Harley-Davidson da awon inci yake aiki, baburan Japan da Turai da milimita. Sukurun M6 da na kwata na inci kusan kaurinsu ɗaya a ido, milimita 6 da 6.35, amma tazarar haƙoransu daban take. Wanda ba nasa ba zai yi juyi ɗaya ko biyu lafiya sannan ya cije, kuma idan ka ci gaba da murɗawa tagullar ce za ta lalace. Kai tsohon sukurun wurin saye, ka haɗa haƙoransu ka ɗaga su a haske. Idan haske yana ratsawa tsakani, ba iri ɗaya ba ne.

Fara kowane sukuru da yatsu. Ɗora shi a bakin rami, ka juya shi baya a hankali har ka ji ɗan "ƙas", alamar haƙorin farko ya faɗa gurbinsa, sannan ka juya gaba. Sa na tsakiya, sa na gefe biyu, kowanne juyi biyu ko uku kawai, komai yana sako-sako. A wannan hali ne za ka daidaita: danna gilashin ƙasa ya zauna sosai a gurbinsa, koma baya ka duba ko tazarar hagu da dama ɗaya ce, ka hau babur ka ga ko jakar ta tsaya a tsakiyar mitoci. Buɗe kowane aljihu ka rufe, ka ga murfin ba ya gogar gilashi.

Batun matsewa

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ƙarfin da aka ƙayyade wa sukurorin gilashin Batwing shi ne 25 zuwa 30 in-lb (inci-fam, awon ƙarfin ɗauri na Amurka), wato Nm 2.8 zuwa 3.4. Kowane babur yana da nasa adadin a littafin gyaransa, kuma shi ne abin bi. Don ka gane ƙanƙantar wannan: Nm 3 daidai yake da nauyin kilo 3 a kan hannun sifana mai tsawon santimita 10. Idan hannun ya kai santimita 25, kilo ɗaya da 'yan kai ya isa. Wato da doguwar sifana, yatsu biyu ma suna iya wuce gona da iri.

Ka lura da alamar awon da kyau. In-lb daban, ft-lb (ƙafa-fam) daban, na biyun ya ninka na farkon sau 12. Wanda ya karanta 25 ya saita babbar sifanar ɗaure taya a kan 25 ft-lb ya ɗora wa mazaunin kusan Nm 34, kuma tun kafin sifanar ta yi ƙara tagullar ta fizgo daga cikin roba. Babbar sifana ba ta da amfani a nan ko da an saukar da ita ƙasa, domin ba ta auna ƙananan adadi daidai.

Matse na tsakiya rabin ƙarfi, sannan hagu, sannan dama, ka sake zagayawa da cikakken ƙarfi. Idan babu sifanar awo, riƙe sukurudireba mai gajeren hannu da yatsu uku, ka murɗa har washa ta zauna gilashin ya daina motsi idan ka girgiza shi, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin takwas na juyi, ka tsaya. Idan kana murɗawa ka ji nauyin ya ragu maimakon ya ƙaru, saki nan take: mazaunin ya fara biyo sukuru.

Akwai dalilin da ya sa ba a danne gilashi tam. Roba tana miƙewa da zafi kusan ninki biyar ko shida na ƙarfe. Gilashi mai faɗin santimita 50 zai ƙaru da kusan milimita 1.4 idan zafi ya tashi da digiri 40, kamar tsakanin sanyin asuba da tsakar rana a filin ajiye motoci. Ramukansa an yi su da faɗi ne don ya samu wurin motsawa. Idan ka danne shi ya rasa inda zai je, sai ya tsage daga bakin rami.

Idan notin roba ne ke riƙe da gilashin

Notin roba ɗan bututun roba ne mai leɓe a sama da ƙaramin notin tagulla a can ƙasansa. Idan ka murɗa sukuru, tagullar tana tahowa sama, robar ta kumbura a bayan ramin ta kama. Abu biyu ke ba da wahala da shi. Na farko, idan ka danna sukuru da ƙarfi wajen sawa ko cirewa, notin yana suɓucewa ya faɗa cikin murfi, sai ka kwance murfin gaba ɗaya kafin ka same shi. Juya kawai, kada ka tura. Na biyu, da yake tagullar a ƙasa take, ƙarin kaurin milimita 2 na iya sa sukurun ya kasa kai mata, ko ya kama haƙori ɗaya ya saki a hanya. A nan tsawon sukuru ya fi ko'ina muhimmanci.

Ƙarfin da yake so kaɗan ne ƙwarai, a yawancin babura kusan Nm 1. Murɗa har ka ji robar ta kumbura ta riƙe, shi ke nan. Idan ka wuce, robar ta yage ko tagullar ta fito ta cikinta. Tsohon notin da ya bushe ya tsattsage, ko wanda ya ƙi komawa siffarsa bayan an cire sukuru, canza shi, kuma gara ka canza duka lokaci ɗaya. Jiƙa sabon da ruwan sabulu don ya shiga rami. Ban da giris, ban da man inji. Irin wannan noti an yi shi ne don shanye girgiza, ba don ɗaukar kaya ba, saboda haka jakar da za ta hau kansa ta zama mara nauyi, kuma ta rataya a kan aƙalla guda biyu.

Gilashi mai ƙarafan gicciye

Wannan shi ne mafi sauƙi. Ƙarfe biyu ne suka matse gilashin, ɗaya a gaba ɗaya a baya, da notuna masu rufaffen kai ta ɓangaren mai tuƙi. Cire noti ɗaya na tsakiya ko biyu gwargwadon ramukan jakar, kana riƙe da kan sukurun ta gaba don kada ya juya, ka sa harshen jakar a kan ƙarfen baya, ka mayar da washa da noti. Kada ka kwance duka lokaci guda, ƙarafan za su zame robar da ke ƙarƙashinsu ta goce. Noti mai rufaffen kai yana da iyaka: idan ka sa sukuru mai tsawo fiye da kima zai tokare a rufin notin, ka ji kamar ya ɗauru alhali jakar tana lilo. Idan gilashin irin mai cirewa ne, cire shi ka mayar sau ɗaya don ka tabbata jakar ba ta tare maƙallan ba.

Huda da gam

Huda gilashi mataki ne na ƙarshe, kuma ba ya komawa. Idan babu makawa, cire gilashin, manna tef a fuska biyu, ka tallafa bayan wurin da katako. Yi amfani da bakin huda mai hawa-hawa ko wanda aka yi don roba, a ƙaramin gudu, ba tare da dannawa ba. Bakin huda ƙarfe yana fizgar roba a daidai lokacin da zai ɓulla, kuma akirilik nan take yake fashewa. Ramin ya fi sukuru faɗi da milimita 1 zuwa 1.5, ya kuma yi nesa da bakin gilashi da aƙalla ninki biyu na faɗinsa. Goge kaifin bakin ramin, sa washar roba gaba da baya, ka ɗaure da noti mai zoben nailan a ciki wanda ba ya kwancewa da girgiza. Kada ka sa sukuru mai kai mai tsini ta ƙasa, irin wanda ke nutsewa cikin katako, domin yana buɗa ramin ne ya tsaga shi.

Tef mai gam fuska biyu mai ƙarfi, irin 3M VHB ko Dual Lock, yana riƙe ƙaramar jaka mara nauyi idan wurin ya wanku ya bushe sarai. A manna shi a yanayi mai ɗumi, a danna sosai, a bar shi awa 72 kafin a sa kaya, domin sai a lokacin yake kai cikakken ƙarfinsa. A ƙara masa siririyar igiya da aka ɗaure a wani ƙarfe, ko da zai saki wata rana. Roba mai tsotsa kuwa ba ta da wuri a kan babur; zafi da girgiza suna sakinta, kuma jakar da ta faɗo tsakanin sitiyari da tanki na iya hana kai juyawa.

Gwaji da lodi

Kafin ka tayar da inji, karya kan babur har ƙarshe hagu da dama, kana kallon hannun kulochi, tukunyar burki, madubai, wayoyi da maƙalin wayar salula idan akwai. A bar ratar da yatsa zai shiga a ko'ina. Tayar da inji ka saurara. Idan akwai kaɗawa, ɗora hannu a kan jakar, idan ƙarar ta ɗauke ka san daga inda take. Fita da jakar babu komai a ciki, a ƙaramin gudu tukuna, sannan babban titi. Bayan nan ka zuba kaya ka sake. Idan ka ji sitiyari yana ɗan rawa a hannunka, musamman lokacin rage gudu, abin da ba ya yi a da, rage kayan ka duba iskar taya.

Bi iyakar nauyin da mai jakar ya rubuta. Idan bai rubuta ba, tsaya a ƙasa da rabin kilo gaba ɗaya, mafi nauyin a aljihun tsakiya, na gefe biyu su yi kusan daidai. Sifanoni, kwaɗo, tarin makullai da babban batirin caji wurinsu akwatin gefe ne. Banda nauyinsu, abu mai tauri yana tsalle a kowane gargada ya daki gilashi ta ciki, kuma idan aka yi karo yana gaban fuskarka.

Bayan gilashi wuri ne mai zafi idan babur yana tsaye a rana, kuma lanƙwasar gilashin kan tattara haske a kan abin da ke bayansa. Yawancin wayoyin salula an yi su su yi aiki ne a zafin da bai wuce digiri 35 ba, laita kuma ba a barinta a wurin da ya haura digiri 50. Kada ka bar su a ciki idan ka yi fakin, haka ma magani. Jefa ƙyalle a kan gilashin idan tsayuwar za ta yi tsawo. Murfin jaka mai maganaɗisu ya fi sauƙin buɗewa da safar hannu, amma yana iya goge katin da ke da baƙin layi a baya, irin katin ɗakin otal. Ko wane irin murfi ne, a tsaye ake buɗe shi, ba a cikin gudu ba.

Bayan kilomita 100 na farko sake gwada sukurorin da sifanar awo, domin harshen fata ko na roba yana lotsawa ya bar rata. Idan sun sake sassautawa bayan haka, kada ka ƙara ƙarfi. Sa siririyar washar nailan a ƙarƙashin kai, ko ka duba ko mazaunin ne ke tahowa. Jakar fata da ta sha ruwa a buɗe ta ta bushe a inuwa, a shafa mata man fata bayan an cire ta daga babur don kada man ya taɓa gilashi. Ɗinki da bakin murfi suna shigar da ruwa ko da an ce jakar ba ta jin ruwa, don haka takardu su zauna cikin leda mai zif. Sau biyu a shekara, ko bayan doguwar tafiya a hanya mai ƙura, cire jakar ka wanke bayanta da gindin gilashin, ka haska tocila a bakin kowane rami. Idan ka ga farin layi siriri yana fita daga rami, tsaga ce ta fara; cire jakar, ka canza gilashin kafin tafiya ta gaba.